Mota Mai Kujera Biyu, da Hular da Na Baro a Hanyar Dadin Kowa

Ranar da na shigo da ita gida, uwargida ta fito, ta zagaya ta sau ɗaya, ta leƙa ta taga, sannan ta ɗago ta ce, "Abban yara, ina sauran?" Na ce sauran me? Ta ce, "Sauran motar." Mu bakwai ne a gidan har da Hajiya, abin da na zuba kuɗi na sayo kuwa kujera biyu gare shi, ta direba da ta mutum ɗaya. Hajiya ba ta tanka ba sai da ta idar da lazimi. Ta dubi yadda motar ta kwanta a ƙasa kamar kada yana shan hantsi, ta ce, "Allah ya sa alheri. Amma kada ka soma cewa in shiga, wanda zai ciro ni sai ya ji jiki."

Ba rashin mota ya sa na saye ta ba. Muna da Sienna, ita ke kai yara makaranta, ita ke zuwa biki da ta'aziyya, ita ke ɗauko masara daga ƙauye. Wannan tsohon kwaɗayi ne da na ɗauko tun ina ɗalibi a jami'ar ATBU ta Bauchi, lokacin da kuɗin acaɓa ma sai na yi lissafi. Da na cika arba'in da shida, shagon kayan gini ya ɗan tsaya da ƙafarsa, sai na ce in ban yi yanzu ba, nan gaba gwiwa ce za ta hana ni, ba aljihu ba.

Kuskurena na farko shi ne gaya wa dillalai uku a rana ɗaya. Kafin magariba, wayata ta zama ta 'yan kasuwar mota. Kowa sai ya turo hoton Accord mai ƙofa biyu ta WhatsApp ya ce, "Alhaji, ga abin da kake nema." Na gaji da bayanin cewa ba yawan ƙofa nake ƙirgawa ba. Accord da tayoyin gaba take ja, ni kuwa wadda ke tura kanta da tayoyin baya nake so, mai inji a gaba, mai kujera biyu, wadda tun daga ƙira don tuƙi aka yi ta, ba don ɗaukar iyali ba. Batun Beljiyam, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasar waje aka shigo da su, kuwa ban ma soma ba. Tun da aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017, 'yan Kwatano suka daina zuwa yadda aka saba, sannan dala da kuɗin fito suka ƙarasa abin da ya rage. Na san ta hannu zan saya, wadda ta riga ta sha titunanmu.

Wata huɗu shiru. Sai a Disamban 2024, cikin mako ɗaya, biyu suka fito. Ɗaya a nan Bauchi, a wani wurin sayar da motoci a hanyar Jos: Nissan 350Z, ruwan toka, rufaffiya. Ɗayar a Gombe, wurin surukin wani abokina da muka yi bautar ƙasa tare: Mercedes SLK 280, baƙa, irin wadda rufinta ke naɗewa ya shige but, wato abin da Turawa ke kira rodista. Ni dai na raɗa musu suna rufaffiya da buɗaɗɗiya, har masu gidan ma suka ɗauka.

Da ta gida na fara. Dillalin ya ce in zo da azahar, kafin nan an wanke ta an ɗumama inji. Kalmar ɗumamawar nan ce ta sa na ɗauki bakanikena, wanda kowa ke kira Oga, muka dira wurin ƙarfe bakwai na safe ba sanarwa. Injin da ya kwana bai iya ƙarya ba. Oga ya ɗora tafin hannu a kan bonet, ya ji sanyi ƙalau, ya gyaɗa kai. Ya ce in murɗa makulli rabi kada in tayar, mu ƙirga fitilun da za su kama a allon gaba. Duk suka kama, ban da ta gargaɗin inji. Ya ce, "Yallaɓai, wannan an toshe mata baki." Ya jona ƙaramar na'urarsa a kafar da ke ƙarƙashin sitiyari, lambobi biyu suka fito, P0420 da P0430. Ma'anarsu a taƙaice, an kwashe indomi. Ga wanda bai sani ba, indomi shi ne abin nan mai kama da saƙar zuma da ke cikin salansa yana tace hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, shi ya sa ake fasa salansa a sace shi a sayar, a mayar da walda kamar ba a taɓa ba. Injin V6 layi biyu gare shi, kuma duka ɓangarorin an yashe.

Da muka tayar, fankokin lagireto suka hau gudu nan take, alhali inji ko ɗumi bai yi ba. An haɗa su kai tsaye, an cire tamostat, wato ɗan abin da ke daidaita zafin inji, abin da bakanikenmu da yawa ke yi da sunan wai zafin Najeriya. Ruwan lagireto ja ne kamar na kududdufi, alamar an daɗe ana ɗura ruwan rijiya zalla. Oga ya ce injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, kwamfutar motar sai ta yi ta ƙara masa mai tana zaton har yanzu sanyi yake ji. Abin da ya kwantar mana da hankali shi ne babu shuɗin hayaƙi, babu farin kumfa a murfin baƙin mai, kuma allurar matsin mai, ɗaya daga cikin agogo uku da ke jere a tsakiyar gaban motar suna fuskantar direba, ta tashi sama da sanyi ta sauko a hankali yadda ya kamata.

A nan ne na yi abin kunya. Na zo da mayen ƙarfe a aljihu, don na ji an ce da shi ake gane inda aka shafe da bodi fila, ƙullin da ake cike lotsewar jikin mota da shi. Na manna a bonet, ya zame. Na sake, ya zame. Na ɗaga murya na ce wa dillalin, "Malam, gaban nan gaba ɗaya ƙasa ce kuka fenta!" Oga ya ja ni gefe yana danne dariya, ya ce bonet ɗin irin wannan mota na alminiyam ne tun daga kamfani, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Na haɗiye yawu na ba da haƙuri. Amma mayen bai tashi a banza ba, don a kan tayar baya ta hagu ya gano wuri kamar faɗin faranti inda aka taɓa bugewa aka cike.

Babban abin da ya taimake ni a ciniki lambar shasi ce. Harufa da lambobi 17 ne, ana ganinsu ta gilashin gaba ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa, kuma na goma a jere shi ke faɗin shekarar mota. Dillalin tun a waya yake rantsuwa 2007 ce. Na ƙirga da yatsa a gabansa, na goma ya faɗo a kan 4. Ba ƙaramin bambanci ba ne, domin a 2007 an sauya wa motar inji ya koma mai ƙarfin doki 306, har bonet ɗin ya yi tozo, ita kuwa ta 2004 tana da 287. Haka agogon tafiya ya nuna 118,000, ya ce kilomita ne. Motar don kasuwar Amurka aka yi ta, da mil take ƙirga, wato kusan kilomita 190,000. Bai ji kunya ba, ya ce, "Ai Alhaji duk tafiya ce."

Muka hau da ita rami a garejin Oga. Cikinta duk ƙarzuwa, robar da ke rufe ƙasan inji ta daɗe da barin duniya, bushin na gaba, wato robobin ƙafar mota, sun tsage, tayoyin baya kuma lambar jikinsu ta nuna a 2017 aka yi su. Amma ƙashin motar a miƙe yake, babu walda, babu lanƙwasa. Oga ya fito yana goge hannu ya ce, "An wulaƙanta ta, amma ba a kashe ta ba."

Sai gwaji. Minti biyar na yi ina kokawa da giya ban samu ribas ba, yaran gareji suna kallona. Giya shida ce ta hannu, kuma ribas ba ya shiga sai ka danna sandar ƙasa tukuna, sannan ka kai ta can dama ka ja baya. Da na samu, muka bi ta Wunti cikin cunkoson Keke Napep, inda ƙafata ta hagu ta soma ƙorafi, don kulocin nauyi gare shi kamar kana taka buhun siminti. Ba ka ganin bayanka sosai, gilashin baya ɗan siriri ne a kwance. Na soma cewa a raina anya kuwa. Amma da muka fita hanyar Ningi wajen Gubi, titi ya buɗe, na sa ta uku na taka, sai wani gurnani ya taso daga baya, kujera ta tokare ni a gadon baya, sitiyari ya yi nauyi a hannuna yana gaya mini duk abin da tayoyin gaba ke takawa. Na shiga wata kwana ban rage sosai ba, motar ta bi ta kamar an ja layi da zare, ba ta karkata ba. Oga, da ya riƙe ƙofa da hannu biyu, ya ce, "Yallaɓai, ina da yara ƙanana."

Da son raina ne, a ranar zan biya. Sai dai na yi wa abokina alkawari, kuma a gaskiya mafarkina na asali buɗaɗɗiya ce. Duk hoton da na ajiye a kaina tun ina saurayi, babu rufi a cikinsa.

Ranar Asabar na kama hanyar Gombe, kilomita ɗari da hamsin da 'yan kai, ta Dindima da Alkaleri da Bara. Mai motar dattijo ne mai tsafta, ya ajiye ta ƙarƙashin rumfa an lulluɓe. Ya zauna, ya ja wani ɗan maɓalli, gilasai suka sauka, murfin but ya buɗe ta baya, rufin ƙarfe ya karye biyu ya kwanta ciki, murfi ya koma ya rufe. Daƙiƙa 22 masu ƙira suka ce abin ke ɗauka, kuma kafin su cika, yaran unguwa sun cika ƙofar gidan suna kabbara. Ni kaina bakina a buɗe yake. SLK taƙaitawa ce ta kalmomin Jamusanci uku, mai wasa, mara nauyi, gajeriya, kuma tun 1996 da aka fito da ta farko wannan rufin ƙarfe mai naɗewa ne abin tinƙahonta. Wannan ta 2006 ce, inji V6 mai lita uku, ƙarfin doki 231, giya bakwai mai canza kanta.

Bayan la'asar muka ɗauki hanyar Dadin Kowa ni da abokina. Ba zan rage wa wannan yammacin komai ba, don ban taɓa jin irinsa a mota ba. Rana ta yi ja ta sauko, iska mai sanyi tana zagaya wuya, kana jin ƙamshin ciyawar da aka ƙona da na garken shanun da ke komawa ruga, kana jin muryar makiyayi da kukan tsuntsaye, abubuwan da shekara ashirin ina wucewa ta gefensu a cikin gilashi. Ka ɗaga kai, babu komai tsakaninka da sama. A gudun kilomita 60 kacal, daɗin da nake ji ya fi wanda rufaffiya ta ba ni a 100. Wannan ita ce gaskiyar buɗaɗɗiya, ba ta bukatar gudu kafin ta biya ka.

Ina cikin wannan shauƙi na ƙara wuta kaɗan, sai na ji kaina wayam. Hulata, zanna bukar da na yi wata biyu ina jiran a gama ɗinkinta, ta tashi sama kamar shirwa ta ɗauka. Muka tsaya, muka koma da baya, muka bi ciyawa har duhu ya soma, ba mu gan ta ba. A kan hanyar dawowa wata tirela ta sha gabanmu a inda titi ya fashe, ta tule mu da ƙura har cikin haƙora. Muka isa gida gira fari, gemu fari, matar abokina ta ce kamar waɗanda suka fito daga injin niƙa.

Washegari na nace sai na gwada ta da rana a cikin gari, don ba a yanke wa mota hukunci da yammaci ɗaya. Ƙarfe ɗaya muka shiga ta Jekadafari zuwa Tashan Dukku, rufi a buɗe. Disamba ce fa, ba Afrilu ba, amma kujerar fata baƙa ta gasa mini cinya, ƙeyata ta yi zafi, hayaƙin Keke yana shiga hancina kai tsaye. Ga idon jama'a. A rufaffiyar mota kai mai wucewa ne, a buɗaɗɗiya kuwa kai ne abin kallo. Duk inda aka tsaya, mai talla zai miƙo kaya har kan cinyarka, mai bara zai dafa kafaɗarka, wani matashi ya ɗaga waya yana ɗaukarmu. Mutum mai furfura a gemu, wanda ake gaisarwa a masallacin unguwa, sai ya ji kamar ya fito ba riga. Ban yi minti ashirin ba na nemi inuwa na ce a rufe.

A nan rufin ya yi gardama. Ya taso, ya zo rabi, ya tsaya yana wani kuka siriri, mu kuma muna zaune ƙarƙashinsa kamar kaji a akurki buɗe. Da ƙyar, bayan an kashe an kunna, ya ƙarasa. Muka wuce wurin wani bakaniken Marsandi da abokina ya yarda da shi. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa, ya nuna mana danshin mai a kusa da famfon da ke tura rufin. Ya shafa ya shinshina, ya ce wani ya taɓa ƙara masa man giya maimakon nasa na musamman, robobin da ke cikin silindojin sun soma saki. Ba laifin motar ba ne, shekaru ne da zafi da hannun da bai san aikin ba. Ya ce, "Alhaji, injin nan ɗan gida ne, irinsa ne a cikin C-Class da E-Class na shekarun, ido rufe zan kwance shi. Amma rufin nan, gaskiya sai Abuja ko Legas. In na ce maka zan iya, na cuce ka." Na girmama mutumin nan saboda wannan magana.

Kwana biyu na yi ina auna su a raina, kuma ba zan ce ɗaya ta kayar da ɗaya ba. In rufi a rufe yake, SLK ta fi daɗin zama a cikin gari nesa ba kusa ba. Giyarta ba ta wahalar da ƙafa, ta fi laushi a kan gargada, cikinta ya fi kyau, ka ji kana cikin Marsandi. Nissan kuwa cikinta roba ce mai tauri, ƙarar taya tana shigowa, ko akwatin ajiyar takardu na gaban fasinja babu, an mayar da shi bayan kujera, ga wani ƙaton ƙarfe da ya gitta tsakiyar but ya raba shi biyu. Amma ƙarfen nan da rufin da ba ya motsi su ne suka ɗaure jikinta tamau. Motar da aka yanke wa rufi, komai ƙarfafa ta da aka yi ta ƙasa, in ta taka rami za ka ji ɗan rawar jiki a sitiyari da madubi, kuma na ji shi a hanyar Dadin Kowa. But ɗin SLK ma in rufi ya shiga, abin da ya rage bai fi na jaka biyu ƙanana ba.

Abin da ya raba gardama lissafin kwanakin shekara ne. Na ɗauki takarda na tambayi kaina, yaushe zan buɗe rufin nan a Bauchi? Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu. Daga Maris zuwa Mayu zafin da ke taɓa 40, wanda ko ɗan acaɓa sai ya naɗe fuska. Daga Yuni zuwa Satumba hadari na iya haɗuwa kafin ka gama alwala, kuma rufin da ke tsayawa a rabi ba abokin tafiyar damina ba ne. Abin da ya saura shi ne sanyin safiya, da awa ɗaya kafin magariba, da 'yan makonnin kaka. A jikin kujerar SLK ɗin akwai wasu ƙofofi a saitin wuya da ke huro iska mai ɗumi, don mai ita ya buɗe rufi cikin sanyin Jamus. Da na gane amfaninsu na yi dariya ni kaɗai. Waɗanda suka ƙera ta rana suke nema, mu kuwa inuwa muke nema. Zan biya kuɗin famfo da silindoji da tafiyar Abuja saboda awa ɗaya a yini, sauran awoyin kuma ina tuƙa rufaffiyar mota da ba ta kai ɗayar ƙarfi ba.

Na koma hanyar Jos. Sun sa miliyan bakwai da rabi. Na zayyana musu indomi, tamostat, tayoyi, bushin, shekara uku da aka ƙara mata, da kilomita dubu saba'in da aka ɓoye a cikin mil, na taya biyar. Aka ce albarka. Na tafi. Giyar hannu ta taimake ni, don masu sayen irin wannan mota yanzu yawancinsu mai canza kanta suke so, motar ta yi wata biyar a wurin tana shan rana. Kwana uku ana kira ana ajiyewa, aka sallama a shida da dubu ɗari. Lokacin la'ada kuwa, dillali ɗaya da na sani ya haifi huɗu, kowa da labarin yadda shi ne ya fara jin ɗuriyar motar. Na ba na farkon abin da muka yi da shi tun farko, na ce su je su sasanta.

Ban biya duka a take ba. Na ba da kafin alƙalami, na karɓi kwafin takardu. Na kai takardar shigowa ofishin kwastan da ke nan Bauchi aka duba cewa an biya fito kuma lambar shasi ta dace, don motar da fitonta bai cika ba ana iya karɓe ta a hanya ko hannu nawa ta wuce. Na nemi ganin mai ita ido da ido, ba ɗan aike ba, na gwada sunan da ke katin shaidarsa da na takardar mallaka, kuma asusun da ke ɗauke da wannan suna na tura wa kuɗi. Muka rubuta yarjejeniya da shaidu biyu-biyu, aka yi rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, sannan ofishin lasisi don sauya suna, da takardar lafiyar mota ta bi'ai'o, da inshorar da tun 2023 ta koma naira 15,000. Kwana tara wannan zirga-zirga ta ci.

Gyara ya ci kusan dubu ɗari tara, kuma ban yi ƙorafi ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Sa'ar da na ci ita ce injin nan mai lita uku da rabi dangi gare shi da yawa. Irinsa ne a Infiniti G35 da FX35, kuma 'yan uwansa na cikin Murano da Pathfinder, don haka filogi da koyil da sensa da tamostat duk an same su a Ƙofar Ruwa a Kano cikin yini ɗaya. G35 ma har wasu kayan ƙafa suke tarayya. Indomi daga kasuwar Ladipo ta Legas aka turo. Aka wanke lagireto sau uku, aka zuba ruwan sanyaya inji na gaske, aka mayar da fankoki kan tsarinsu, aka zubar da baƙin mai mai kauri da aka saba ɗura mata aka sa 5W-30 kusan lita biyar. Tayoyi ne suka ba ni wuya, domin na baya sun fi na gaba faɗi, 245 da 225, ba a musanya su, kuma mako biyu na jira kafin a samo sababbi masu kwanan wata na kirki. Abin da babu shi sam shi ne kayan jiki. Fitila ko bamba ko gilashin baya in ya fashe, sai dai a yi oda a zauna jira. Saboda haka in Keke ya matso ni, ni ke ba shi hanya.

Zama da ita ya koya mini wasu ɗabi'u. Sai da na sa birkila ya fasa gangaren ƙofar gida ya sake zubawa, don haɓarta na dukan ƙasa. Duk tudun rage gudu a karkace nake hawansa, taya ɗaya bayan ɗaya, na baya suna ta hon. Akwai unguwannin da na daina shiga da ita, akwai 'yan uwan da sai da Sienna nake kai musu ziyara. Tankinta lita 76 ne, kuma a lokacin da na saye ta lita ta haura naira dubu, ranar da na fara cika shi sai da mai gidan man ya sake tambayata ko da gaske nake. An ƙayyade gudunta a kilomita 250, a ƙasar da doka ba ta ba ka wuce 100 ba, kuma rami da akuya ba su ba ka ko hakan. A shingen hanya ba a taɓa barina na wuce ba a tsayar ba, sai dai rabin tambayoyin ba na takarda ba ne, na "Oga nawa take gudu" ne. Ranar Juma'a da babbar riga, shiga sai an tattare kamar mai tsallaka rafi. Ruwan farko na damina kuma, na taka da ɗan ƙarfi a wani shataletale, bayanta ya goce kamar kifi, fitilar hana santsi ta yi ta ƙiftawa. Tun ranar na san mota mai tura baya ba a yi mata gatse a jiƙaƙƙen titi.

Yara sun tsara layi da kansu, kowace Asabar mutum ɗaya, daga gida zuwa hanyar Dass a dawo. Uwargida ta yi wata uku tana cewa ba ruwanta da motar samari. Wata ranar Lahadi ta fito da mayafi ta ce in kai ta gidan yayarta a Yelwa, Sienna wai tana warin masara. Da muka iso ta ce in ɗan ƙara gaba tukuna.

Buɗaɗɗiyar kuwa ba ta yi nisa ba. Abokina, wanda ya fi kowa yi mini dariyar hula, shi ya saye ta daga hannun surukinsa. Ya kai ta Abuja ta yi mako uku, aka sake robobin silindoji aka zuba man da ya dace, kuma har yau bai yarda ya gaya mini nawa ya kashe ba. A watan Agusta, wata ranar da aka kwana ana ruwa gari ya waye garau, muka yi mahaɗa a Alkaleri, shi daga Gombe ni daga Bauchi. Muka ci tsire a bakin hanya, muka yi musayar makulli, da sharaɗin a haɗu a gadar Dindima. Duwatsu sun yi kore shar, babu ƙura ko ɗaya, ƙasa tana ƙamshi. Na cire hulata na tura ta ƙarƙashin kujera, na ja maɓalli, rufi ya naɗe ba gardama. Na yi kusan kilomita biyar ban ga ruwan toka a madubi ba, sai ga wayarsa.

"Kai mutumina," in ji shi, "ina aka ɓoye ribas a motar nan taka?"